Markaɗen Kabewa a Gida: Nazarin Lamarin Wata Mai Gasa Kek

Asalin lamarin

Matar da wannan nazari ya shafa tana gasa kek da burodi a gida, don iyalinta da kuma 'yan mutanen da kan ba ta aiki jifa-jifa. Abin da aka fi nema a wajenta wani kek ne na kabewa, wanda ta samo tsarin haɗinsa a wani littafin girki na Amurka. Tsarin ya ce a zuba gwangwani ɗaya na markaɗaɗɗiyar kabewa, mai nauyin giram 425, a kan fulawa giram 300, da ƙwai, da mai, da sukari, da kayan ƙamshi. Ta daɗe tana sayen gwangwanin, kek ɗin kuma bai taɓa ba ta kunya ba.

A shekarar da abin ya faru ta shuka kabewa iri biyu a lambunta, kuma ta yi kyau. Ta cire manya guda 6, masu faɗin ciki, kowace tana kai kilo 6 zuwa 8, da ƙanana guda 24 masu dogon wuya, kowace kilo 1.5 zuwa 2. Akwai kuma wata ƙwaya ɗaya da ta fito da kanta a gefen inda ake tara shara ta ruɓe ta zama taki, ba ita ta shuka ta ba.

Buƙatarta biyu ce. Ta samu markaɗen da zai maye gurbin na gwangwani ba tare da ta taɓa tsarin kek ɗin ba, sannan ta adana shi ya kai ta wata shida. Kayan aikinta oben, da bilenda, da madambaci, da sikelin kicin, da firji mai firiza a sama. Tana da ɗabi'ar rubuta duk abin da ta auna a ɗan littafi, kuma daga nan aka samo alƙaluman da ke cikin wannan nazari. An ƙirga ranakun ne daga ranar da ta cire kabewar daga lambu.

Rana ta 3 zuwa ta 6: dafawa a cikin ruwa

Da babba ta fara, mai kilo 7, don ganin ta fi auki. Ta fere ta, ta kwashe 'ya'yan da zaren cikin, aka bar tsoka kilo 4.9. Ta yanka gunduwa-gunduwa, ta zuba ruwa ya sha kanta, ta dafa minti 25, ta juye a gwagwa. Da ta zo markaɗawa bilenda ta ƙi juyawa, sai ta riƙa ƙara ruwan dahuwar kaɗan-kaɗan har ya tashi kofi guda. Abin da ya fito ya kusa kilo 5, launinsa ruwan ɗorawa mai haske, kuma idan aka ɗebo a cokali aka karkata sai ya zube.

Kek na farko ta auna giram 425 daidai. Kwaɓin ya fi na kullum sakewa. Bayan minti 60 a oben mai zafin digiri 175 na ma'aunin Selsiyas, ya tashi, amma da ya huce aka yanka sai ga wani layi mai danƙo a ƙasansa, kuma ba a jin kabewa a cikinsa sam, sai kirfa da sukari.

Washegari ta ƙara markaɗen zuwa giram 600 don ɗanɗanon ya fito. Wannan kek ɗin tsakiyarsa ta lotsa. Ta ƙara masa minti 20 a wuta, gefe ya ƙone, cikin bai nuna ba. A na uku ta bar giram 600 ɗin ta ƙara fulawa giram 70. Ya tashi, ya nuna, amma ya yi tauri, kuma har yanzu babu ɗanɗano.

Alƙaluman Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka kan sinadaran abinci sun bayyana abin da ya faru. Ɗanyar kabewa, kusan kashi 92 cikin 100 na nauyinta ruwa ne. Wadda aka dafa a ruwa aka tsane, kusan kashi 94. Ta gwangwani, kashi 90. Idan aka kalli ruwan kawai sai a ga tazarar ba ta taka kara ta karya ba: a giram 425, bambancin bai wuce cokali ɗaya na cin abinci da ɗan ɗori ba. Sai an juya lissafin a dubi abin da ya rage bayan ruwan sannan matsalar ke fitowa. A gwangwani ɗaya akwai wajen giram 42 na ainihin kabewa, wato sukarinta da sitacinta da harzarta. A daidai wannan nauyi na dafaffiya, wajen giram 27 ne. Harzar da ke riƙe ruwa ita ta fi yin ƙasa: ta gwangwani tana da giram 2.9 a kowane giram 100, dafaffiya 1.1. Ruwan da ke cikin na gwangwani a ɗaure yake, na cikin nata kuwa a sake, yana haɗuwa da fulawa ya jiƙa ta nan take. Da ta kai giram 600 kuwa, ruwan da ta ƙara wa kwaɓin ya kusa mililita 180, kuma wannan ya isa ya kwantar da kowane kek.

Rana ta 7: tata

Sauran markaɗen yana firji, ya kwanta, ruwa ya taso a samansa. Ganin haka ta shimfiɗa ƙyalle mai tsabta a rariya, ta ɗora a kan kwano, ta zuba kilo 2, ta bar shi a firji ya kwana. Da safe ruwa mililita 740 ya sauka, aka bar kilo 1.26 mai kauri wanda cokali ke tsayawa a cikinsa.

Lissafi ya yarda da wannan. Don a samu giram 425 mai kaurin na gwangwani, ana buƙatar wajen giram 675 na dafaffiya, a fitar da kofi guda na ruwa daga ciki.

Kek na huɗu ya tashi yadda ya kamata, layin danƙon nan ya ɓace. Amma ɗanɗanon bai dawo ba, kuma ana jin zare-zare a harshe. Ta ɗanɗani ruwan da ya sauka a kwano, ta ji ya fi markaɗen zaƙi. Sukarin kabewa yana narkewa a ruwa: wani ya riga ya tafi da ruwan dahuwar da ta zubar a rana ta 3, sauran kuma ya bi ruwan tata.

Rana ta 10 zuwa ta 16: turarawa, gashi, da sauyin iri

Ta raba babbar kabewa ta biyu gida biyu. Rabi ta turara a madambaci minti 30, rabi ta gasa. Turararriyar ta fi dafaffiya ɗanɗano, tunda ba ta zauna cikin ruwa ba, amma tururi ba ya rage ruwan da ke jikinta, don haka sai da aka tace ta ita ma. Rabin da ta gasa ya ci minti 75 a digiri 200, ya saki ruwa har ya kusa cika tiren, tsokar ta fito da zare kamar yadda ta farko ta yi.

A rana ta 12 ne ta taɓa ƙananan. Ta ɗauki mai kilo 1.8, ta wanke bayanta, ta tsaga ta a tsaye, ta kwashe 'ya'yan, ba ta fere ba. Ta kife ɓarin biyu a tire, wajen yankan yana kallon ƙasa, ta sa a oben a digiri 200. A minti na 50 cokali mai yatsu ya shige wuyanta ba gardama. Da ta huce ta kankare tsokar da cokali, ɓawon ya rabu da kansa, ta samu giram 950. Launin ya fi na manyan duhu nesa ba kusa ba, babu zare, ga zaƙi tun kafin a sa komai. Bayan awa 2 a rariya ruwa mililita 150 kaɗai ya sauka.

Ba a hannun mai girki bambancin yake ba, a jikin irin yake. Manyan kabewa masu faɗin ciki da siririyar tsoka, irin waɗanda ake sassaƙawa don ado a Amurka, yawancinsu daga jinsin *Cucurbita pepo* suke, kuma don girma da kyan siffa aka zaɓe su, ba don ci ba. Masu dogon wuya, masu ɓawo mai launin ƙasa-ƙasa, daga jinsin *Cucurbita moschata* suke, tsokarsu a cure take, ruwanta kaɗan. Kamfanin Libby's, wanda shi ne kan gaba wajen sarrafa kabewar gwangwani a Amurka, da wani iri na wannan jinsin mai suna Dickinson yake aiki, ana noma shi a jihar Illinois. Wato abin da matar ta daɗe tana zubawa a kek ɗinta ya fi kusa da ƙananan kabewarta fiye da manyan da ta fara da su.

Ƙanana biyu na gaba sun tafi wajen gyara hanyar gashin. Ɗaya ta gasa a buɗe, yankan yana kallon sama, a digiri 220, don ruwan ya fi ƙonewa. Saman ya bushe ya yi fata, gefe ya yi baƙi, bilenda ta kasa cinye fatar, markaɗen ya fito da ɗigo-ɗigon baƙi da ɗan ɗacin ƙuna. Ɗayar ta haɗa hanyoyin biyu: minti 40 a kife, tsokar ta nuna da tururin kanta, sannan ta juya ta sama na minti 12 don danshin ya tashi, gefen ya ɗan yi ja. Wannan ita ta zauna.

Bilenda ta sake ba ta wahala, domin gasasshiyar tsoka ta fi dafaffiya ƙin juyawa. A wannan karon ba ta zuba ruwa ba. Ta riƙa sa kaɗan-kaɗan, bai wuce sulusin kofin bilendar ba, da sauran ɗuminsa, tana tsayawa tana tura shi ƙasa da cokali. Inda ya cije, sai ta ɗiga ruwan da kabewar ta saki a tire. (Cika bilenda da abu mai zafi a rufe ta ruf ganganci ne, tururi na iya cilla murfin ya watsa wa mutum a fuska.)

Sai kuma ta daina zubar da ruwan tata. Takan zuba shi a kasko, ta dafa har ya koma kwata, ya yi kauri da zaƙi, ta mayar cikin markaɗen. Idan tana sauri, takan tsallake tatar gaba ɗaya, ta juye markaɗen a kasko mai faɗi, matsakaiciyar wuta, tana juyawa minti 12 zuwa 15, har idan ta ja muciya a tsakiya hanyar ta tsaya ba ta rufe nan take ba.

Ta kafa wa kanta gwaji guda: cokali ɗaya a faranti, a bar shi minti 5. Idan ya tsaya a tsibe, babu zoben ruwa a gefensa, ya yi. Kek na rana ta 16, da giram 425 na wannan markaɗe, ba a taɓa komai a tsarin ba, ya fito daidai da na gwangwani a tashi da laushi, ya kuma fi shi ƙamshin gashi.

Rana ta 20 zuwa ta 25: bokiti a firji

Da hanya ta samu, sai ta shiga yi da yawa. Ta gasa ƙanana 5 a yini ɗaya, ta samu kilo 4. Dare ya yi, ta gaji, ta juye shi da zafinsa daga kasko zuwa ƙaramin bokitin roba mai zurfi, ta rufe, ta tura firji da ƙarfe 10. Da asuba, wajen ƙarfe 5, ta soka cokali ta ɗebo daga tsakiya ta ji da ɗumi, alhali gefen ya yi sanyi. Ta mayar da murfin. A rana ta 25 da ta buɗe, saman ya yi ƙananan kumfa, yana warin tsami. Ta zubar da shi duka.

Abu mai ruwa-ruwa idan yana hucewa motsi yake yi a cikin mazubinsa, mai zafi ya hau sama, mai sanyi ya sauka, zafin ya fita da wuri. Markaɗe mai kauri ba ya motsi. Zafin tsakiyarsa sai ya ratso ta cikin tsokar a hankali kafin ya kai bango, robar kuma ba ta saurin sakinsa. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, kuma tsakiyar bokitin ta kwana a nan. Ƙa'idar Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ga masu dafa abincin sayarwa ita ce dafaffen abinci ya sauko daga digiri 57 zuwa 21 cikin awa 2, ya kai digiri 5 kafin awa 6 su cika gaba ɗaya. Ko da ma ya huce yadda ya kamata, kwana 3 zuwa 4 ne wa'adin irin wannan a firji.

Rana ta 30 zuwa ta 41: kwalabe

Firizarta ƙarama ce, kuma tana cike da wasu kayan. Ta tuna cewa ta taɓa adana markaɗen tumatir a kwalba ya yi watanni, sai ta bi wannan hanyar. Ta gasa wasu ƙanana 5, ta cika kwalabe 8 masu cin rabin lita da markaɗen yana da zafi, ta ɗaure murafan, ta jera su a babbar tukunya, ruwa ya sha kansu, ta tafasa minti 45. Da suka huce kowane murfi ya lotsa ciki, alamar ya kama. Ta jera su a kantar ajiya.

A rana ta 39 ƙanwarta, wadda ta karanci kimiyyar abinci, ta kawo mata ziyara ta gan su.

"Yaya, wannan mene ne a kwalaben nan?"

"Kabewa ce. Na tafasa su kusan awa guda, kin ga duk sun kama."

"Kun buɗe ko ɗaya?"

"Tukuna."

"To don Allah kada wanda ya buɗe, ko ɗanɗanawa kada a yi. Kamawar murfi iska kawai ta hana shiga, Yaya. Abin da ake tsoro ma rashin iskar yake so."

"Ke, tumatir fa haka na yi masa, shekara nawa."

"Tumatir yana da tsami. Kabewa ba ta da shi."

Abin da ƙanwar ke nufi shi ne ƙwayar *Clostridium botulinum*. Tana zaune a cikin ƙasa a wani yanayi na barci, cikin ƙoƙo mai tauri, kabewa kuma a ƙasa take kwanciya tun tana ƙarama. A wannan yanayin tafasasshen ruwa, wanda ba ya wuce digiri 100, ba ya kashe ta a minti 45. Tana farkawa ta fitar da guba idan ta samu danshi, da ɗumin ɗaki, da wurin da babu iska, da abincin da ba shi da tsami. A ma'aunin tsami na pH, iyakar ita ce 4.6: abin da ya yi ƙasa da haka tsaminsa ya isa ya hana ta tashi. Kabewa tana wajen 5 ko sama da haka. Rufaffiyar kwalbar kabewa da ke kan kantar ajiya ta cika sharuɗɗan nan huɗu. Gubar kan iya samuwa ba tare da wari ko sauyin launi ba. Alamunta kan bayyana galibi cikin awa 12 zuwa 36: gani biyu-biyu, faɗuwar fatar ido, wahalar haɗiya, sannan shanyewar jiki da kan kai ga numfashi.

Matar ta tambaya ko tukunyar matsin tururi za ta magance wannan, tunda ita tana wuce digiri 100. Amsar ta zo gida biyu. Abinci marar tsami yana buƙatar aƙalla digiri 116, kuma tukunya ta musamman da aka ƙera don adana abinci a kwalba, mai ma'aunin matsi, ita ake nufi, ba ƙaramar ta dafa wake ba. Amma ko da ita, jagoran adana abinci a gida na Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka bai amince da markaɗaɗɗiyar kabewa ba. Abin da ya yarda da shi kaɗai shi ne gunduwa-gunduwa, masu faɗin santimita 2.5, a tafasa su minti 2, a zuba su a kwalba cikin ruwa, a dafa a matsin tururi minti 55 ga ƙaramar kwalba mai kusan rabin lita, minti 90 ga mai kusan lita ɗaya, tare da gargaɗi ƙarara cewa kada a dame ko a markaɗa. Dalilin shi ne ruwan da ke tsakanin gunduwoyin yana zagayawa ya kai zafi ko'ina, markaɗe kuwa yana tare shi, kuma kaurinsa yana bambanta daga wannan tukunya zuwa waccan, ta yadda ba za a iya yanke lokaci ɗaya da zai wadatar da kowa ba. Masana'antu suna iya yi ne domin kaurin nasu a ƙayyade yake, kuma sun auna zafin da ke isa tsakiyar gwangwaninsu.

Ta kawo batun matsa lemon tsami ko zuba sukari. Ƙanwar ta ce babu wani gwajajjen adadi na gida da zai tabbatar tsamin ya ratsa kowane lungu na abu mai kauri haka.

Matar ba ta gamsu nan take ba, ta bar kwalaben a inda suke. A rana ta 41 murfin ɗaya ya kumbura, ya fara tsattsafo da ruwa ta gefe. A ranar ta kawar da su duka. Bakwai da ke rufe ta sa su a leda mai kauri, ta ɗaure, ta jefa a shara inda yaro ko dabba ba za su kai ba. Mai yoyon ta ɗauke ta da safar hannu, ta nutsa ta a tukunya, ruwa ya sha kanta, ta tafasa minti 30 kafin ta zubar, domin ita gubar, saɓanin ƙwayar, zafin tafasa yana lalata ta. Kantar ta jiƙa ta da ruwan bilic, kashi 1 a cikin kashi 5 na ruwa, ta bar shi minti 30 sannan ta goge. Babu wanda ya ci ko cokali ɗaya.

Rana ta 44: ɗaci

Ta gasa ƙanana 2 tare da ƙwayar nan da ta fito da kanta, ta markaɗa su wuri ɗaya. Da ta lasa, ɗaci ya kama mata harshe, ba irin na ƙuna ba. Ta tofar, ta zubar da kilo 2 da ɗoriya.

Dangin kabewa suna da wani sinadari mai ɗaci da ake kira kukubitasin, wanda aka kawar daga irin da ake ci ta hanyar zaɓen iri. Yakan dawo idan furen kabewar ci ya haɗu da na 'yar uwarta ta ado ko ta daji, aka shuka 'ya'yan, kuma shukar da ta fito da kanta ba a san ubanta ba. Wuta ba ta kashe shi. Yana jawo amai da gudawa, kuma a 2018 wani likita a Faransa ya wallafa labarin mata biyu da gashinsu ya zube bayan sun ci irin wannan. Daga ranar ta riƙa yankar ɗan ƙaramin yanki daga kowace kabewa ta taɓa a harshe tun tana ɗanya, kafin ta shiga oben.

Rana ta 48 zuwa ta 50: firiza

Ƙanana 9 suka rage. Ta kwashe rabin kayan firizar, ta sayi ma'aunin zafi na abinci, ta raba aikin kwana uku, guda 3 kowace rana. Waɗannan sun fi na rana ta 12 zaƙi, domin wannan jinsin idan ya zauna makonni bayan girbi wani ɓangare na sitacinsa yana komawa sukari.

Kowane zubi, da ya sauka daga kasko, takan baza shi a tiren ƙarfe, kaurin bai wuce santimita 3 ba, ta ɗora tiren a kan ruwan sanyi tana juyawa. Cikin minti 35 yakan sauko zuwa digiri 20. Sai ta auna giram 425 a kowace ledar firiza, ta matse iskar, ta daddanna ta kwanta shafal, ta rubuta kwanan wata, ta jera su a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri, ba ta ɗora wata kan wata ba sai da suka daskare. Ta samu leda 16, kilo 6.8.

Manya 4 da suka rage ba ta sake markaɗa su ba. Uku an yanka an dafa an ci, an soya 'ya'yansu, ɗaya ta ruɓe ta wajen da hancinta ya karye.

Wata na 3 da wata na 6

A wata na 3 ta sauke leda ɗaya zuwa firji ta kwana. Ruwa wajen mililita 35 ya ware, domin ƙanƙara tana fasa ƙwayoyin tsokar su saki abin da suke riƙe da shi. Ta juya shi ya koma ciki, ya ci gwajin faranti, kek ɗin bai bambanta da na rana ta 16 ba. A wata na 6 leda 3 suka rage. Biyu daga ciki, waɗanda iska ta maƙale a kusurwarsu, sun yi fari-fari a wajen, sun bushe, da ɗan warin firiza. Ta yanke wajen ta yi amfani da sauran.

Hukunci

A ɓangaren girki, zaɓen iri ya fi komai tasiri. Babbar kabewar ko an gasa ta ba ta kai ƙaramar ba, kuma da matar ta fara da ƙananan, ko turarawa ta yi ta tace, da kek ɗin ya karɓu tun makon farko. Gashi ya zo na biyu, domin shi kaɗai ne cikin hanyoyin uku yake rage ruwa ba tare da ya tafi da sukari ba. Ƙarin fulawa da ƙarin markaɗe duk gyaran kek ne, alhali ba kek ɗin ke da laifi ba. Gwajin faranti, duk da sauƙinsa, shi ya ba ta abin da gwangwani ke ba ta a da, wato kauri iri ɗaya kowane lokaci, kuma har yanzu dole ta yi shi a kowane zubi, tunda kabewa biyu daga kunya ɗaya ma ba sa zuwa da ruwa ɗaya.

Amma asarar ba a girki ta faru ba. Gwaje-gwajen dahuwa sun ci manya 2 da ƙanana 3. Bokiti da kwalabe sun ci ƙanana 10, kilo 8 na markaɗe mai kyau, fiye da duk abin da ya kai firiza. Kuma sanadinsu ɗaya ne: kaurin da ta sha wahala ta samu shi ya hana zafi fita daga tsakiyar bokiti, shi kuma zai hana shi shiga tsakiyar kwalba. A ganina kuskuren kwalaben ya fi na bokitin muni nesa, ko da yake asararsu ɗaya a sikeli, domin bokitin ya yi wari ya tona kansa, kwalabe bakwai kuwa har ranar da aka jefar da su lafiya lau suke a ido. Barin su kwana biyu a kanta bayan an yi mata bayani, a gidan da wani zai iya miƙa hannu ya buɗe, shi ne wuri mafi haɗari a duk lamarin.

Akwai kuma hanyar da ba ta gwada ba, wadda ƙila da ta rage mata rabin wahalar. Kabewar wannan jinsi, idan ta ƙosa, ba ta da rauni, hancinta yana jikinta, takan yi wata 2 zuwa 3 a wuri mai iska da sanyin digiri 10 zuwa 13. Guda 10 da suka salwanta a bokiti da kwalba za su iya zama a haka, ana gasa ɗaya duk lokacin da aikin kek ya taso, tunda kowace tana ba da abin da ya kusa gwangwani biyu, a bar wa ƙaramar firizar abin da zai kai ta watanni uku na ƙarshe.